Matan da Suka Taya Mu Surfen Alkama

Bana azumi ya faɗo a tsakiyar zafi, irin zafin da in kika taɓa ƙofar ƙarfe da azahar sai kin janye hannu kina salati. Yaran yanzu suna kwance a gaban mukayyif, iska mai sanyi tana hura su, suna ta "harr, harr, ya Allah," wai zafi, kamar a kansu aka fara rana. Ni dariya suke ba ni. Duk shekara talatin da uku azumi yana zagayowa ya dawo inda ya bar mutum. Wancan karon da ya same ni a irin wannan zafi ina kan rufin gidan wata Balarabiya da taɓarya a hannuna, kuma a shekarar na fara jin waƙar da nake so ku nema ku ji.

Lokacin ina da shekara biyar a Makka. Aikin Hajji muka zo ni da Malam, maigidana, muka zauna. Ba iƙama, ba takardar komai. A kan dutse muke, cikin sandaga, wato ɗakin katako da kwano. Da rana ta ɗaga ɗakin yakan koma tanda, ko ƙadangare ba ya hawa kwanon. Ruwa sai an sauka ƙasa inda motar ruwa ke tsayawa, ki yi layi, ki cika garwa, ki ɗora a ka, ki hau matakalar dutse har sai gwiwa ta fara rawa. Ruwan da kika yi alwala da shi ba a zubarwa, da shi za ki jiƙa buhu ki rataya a ƙofa ko iska za ta ɗan yi laushi. Iskar ma in ta taso wuta ce, sai ki ji kamar an buɗe miki murfin tukunya a fuska. Tantabarun Harami da kansu baki buɗe suke yini. Abin da ya fi cin rai, mun san a gida damina ce. Muna lissafi da baki: yanzu gero ya kai gwiwa, yanzu an shiga marka, yanzu yara suna wanka a bakin indararo. Mu kuma ko girgije ɗaya babu.

Sana'armu surfe. Mutanen Makka ba sa shan ruwa ba shurba, wato romo mai kauri, a gabansu, shurbar kuwa ta alkama ce wadda aka surfe. Inji ya riga ya shigo, amma tsofaffin gidaje sun ce ta inji ɗanɗanon ƙarfe take yi, sai ta turmi. Mu Takari mu ke yi musu. Tun daga Sha'aban za ki ga matanmu da turmi a ka suna bin lungu. Mu mun yi sa'a, gida ɗaya ya riƙe mu, gidan Sitti Nuriyya, tsohuwa mai 'ya'ya da jikoki cike da bene hawa huɗu, kuma kullum tana aika tukunyar shurba masallaci sadaka. Aikinta ba ya ƙarewa sai an ga watan Salla.

Mu huɗu ne da. Ni Dije, da Tabawa mutuniyar Maraɗi wadda ita ce babbarmu kuma turmin nata ne, da Asabe ƙaramarmu, sai Goggo Hansai. Goggo ba ta ɗaukar taɓarya, ta tsufa. Ita bakace take yi tana ba da waƙa, mu uku muna zuba taɓarya a turmi ɗaya muna amsawa. Wanda bai taɓa lugude ba ba zai gane ba. Taɓarya uku a rami ɗaya, in ba waƙar da ke raba muku lokaci, wallahi sai kun ji wa juna ciwo.

Bayan Hajjin da ya gabaci azumin nan aka yi kame. Aka kwashe Goggo Hansai a bakin kasuwa, aka kwashe mijin Asabe a wajen gini, aka sa su jirgi. A watan Rajab kuma ƙyanda ta shiga kan dutsen namu, ta ɗauke wa Asabe ɗanta Sani, yaro ɗan wata shida. Daga ranar Asabe ta rufe baki. Ba ta kuka, ba ta magana. In an ba ta abinci ta riƙe loma har ta bushe a hannunta. A sandagar Tabawa take kwana, ƙa'idar Tabawa kuwa ɗaya ce: wadda ta daka ita ke ci, ita ke kwana.

Muka shiga azumi a haka. Da an sallame asuba mu sauko, mu hau rufin Sitti kafin rana ta fito. A yayyafa wa alkama ruwa, a bari ta ɗan sha, a zuba a turmi. A surfa, a juye, a baza a tabarma, a bakace dusa, a sake mayarwa. Kafin hantsi siminti ya fara cin tafin ƙafa, sai mu tsaya a kan buhu. Na gwada ba da waƙa, muryata kamar ana jan kujera, Tabawa ta ce in rufa mata asiri in yi shiru. Ita kuma ba ta riƙe baiti. Asabe sai ta ɗaga taɓarya ta manta da ita a sama, can kuma ta sake ta lokacin da ba nata ba. Rana ta huɗu ga azumi taɓaryarta ta sauka a kan hannun Tabawa, farcen babban yatsa ya tsage, jini ya zuba cikin alkamar mutane. Dole muka zubar da turmi guda.

Tabawa ta ɗaure yatsa da bakin zane, ta ja ni gefe.

"Dije, mi kike so in yi? Baki biyar nike ciyarwa. Akwai wata Babarbariya ƙasan dutse, hannunta kamar na namiji. Na ba ɗiyar ga zuwa Asabar. In ba ta dawo cikin hankalinta ba, wallahi sai ta nemi wani wuri."

Na ce, "Yaya Tabawa, wane wuri? Wa take da shi?"

"Ni na kashe mata ɗa?"

Ba mugunta ba ce, kar ku zage ta, ta riga mu gidan gaskiya. Asabe ta ji mu. Muna saukowa ta ce da ni a hankali, ba ta ko dube ni ba, "Yaya Dije, kar ki wahalar da kanki. In ta cire ni, ofishin jawazat masu kamen baƙi zan je in zauna a ƙofa har su ɗauke ni." A gida kuwa ba ta da kowa. Uwarta ta rasu tana 'yar shekara huɗu, uban ya bi. Mijin da aka mayar ko wasiƙa bai aiko ba. Abin da take da shi a duniya kabari ne ɗan ƙarami a bayan gari, shi ma in ta tafi ta bar shi kenan.

Malam dako yake yi a Jidda, ran Alhamis yake dawowa. Wannan Alhamis ɗin sai ga shi da rikoda a hammata, ya saya a haraj, kasuwar gwanjo, wai don ya riƙa jin tafsiri. Bayan la'asar muna zaune a inuwar bango muna jiran igwar shan ruwa. Na jawo Asabe na zaunar da ita a ƙofata don in ga ta ci ko dabino ɗaya. Tabawa ma ta leƙo ganin sabon abu. Malam ya buɗe rikoda ya ga ashe da kaset a ciki, fari, ba hoto, sai wani rubutun boko da biro. Duk cikinmu ba mai karanta boko. Ya danna.

Abin da ya fara fitowa bugu ne. Dum, dum, dum, dum. Bugu mai nauyi, mai danshi. Sai muryar wata tsohuwa ta hau kai, siririya, tana ɗan rawa, ba goge ba ganga. Ta ja baiti ɗaya, sai mata da yawa suka amsa mata gaba ɗaya. Ta sake ja, suka sake amsawa. Harshen ba Larabci ba, ba Turancin da muke ji a bakin alhazan Legas ba, ba na Indiya ba.

Malam ya kai hannu zai kashe, yana "A'uzu billahi, da azumi."

"Bari."

Asabe ce. Duk muka juya. Ta ɗago kai, tafin hannunta yana sauka a gwiwarta daidai da bugun nan.

"Surfe suke yi," in ji ta.

Tabawa ta kasa kunne kamar mai sayen akuya. "Dawa ce. Ji nauyin taɓarya. Kuma sun jiƙa ta da yawa."

Na ce gero ne. Muka yi ta musu a kan dawa da gero har igwa ta tashi ba mu ji ba, sai da ladan ya kira. Asabe ta karɓi ruwa ta sha, ta ci dabino uku, ina ƙirgawa da ido. Sannan ta ce, "Dangin uwata ne. Fulanin dutse. Haka take yi in tana goye da ni, na tuna."

Asabe ba ta jin Fillanci ko na gaisuwa.

Da safe na naɗe rikodar a zane, na sa a kwano, na rufe da faifai, na ɗora a ka. Malam yana ta mita, "Na sayi abu don tafsiri, kin mayar mini da shi zabiya." Na ce tafsirin sai dare, da safe aron ta nake. Muka ajiye ta a gindin tankin ruwa a rufin Sitti, muka rage murya, na danna.

Jama'a, kamar da mu aka yi waƙar nan. Tsohuwar tana farawa a hankali, daidai lokacin da alkama ke jiƙe tana kama taɓarya. Can sai ta ƙara sauri kaɗan kaɗan, daidai lokacin da dusa ta saki. Ni in sauka a bugu na ɗaya, Tabawa na biyu, Asabe na uku, na huɗun mu ja numfashi. Asabe ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Fuska guda ta kaset turmi biyu ce cif. In ta ƙare sai Tabawa ta zura kan cokali ta mayar da zaren baya don kar a cinye batir. Kafin kwana uku mun haddace amshin, muna yi da baki a bushe ba mu san me muke cewa ba. Asabar ta zo ta wuce, Tabawa ba ta ƙara ambaton Babarbariya ba. Amma ta faɗa mini a kunne, "Wagga ɗiya akwatin ga ke riƙe da ita. Ran da ya mutu mun koma inda muke."

Akwai wata Bafulatana mai sayar da turare a ƙasan dutse, na kira ta ta saurara. Ta ce wannan ba Fillanci ba ne, ko kusa. Asabe ta ce Fulani kala kala ne, na dutse daban da na rafi, ita mai turaren ai 'yar birni ce. Ni a raina na yanke cewa Habasha ne ko wasu mutanen bayan Sudan. Abin da ban taɓa shakka ba shi ne baƙar fata ne, kuma turmi ne a gabansu.

Ɗaya fuskar kaset ɗin ba mu taɓa ta ba, sai ranar da Tabawa ta juya shi bisa kuskure. Tana dannawa sai goge ya ɓarke, goge mai gudu kamar ana korar sa, da sarewa, da wata ganga mai kauri. A rufin gidan mutane, a Makka, goma ga azumi. Tabawa ta rasa abin kashewa, ta kwance mayafinta ta rufe rikodar ta zauna a kai. Goge yana ta yi a ƙarƙashinta. Ni dariya ta hana ni tashi. Sai ga Sitti Nuriyya ta hawo bene tana haki, tana dafa bango.

"Esh hada, ya Hajja? Kiɗa a gidana da Ramadan?"

Na ce, "Sitti, wancan kuskure ne, mun tuba. Ga wanda muke aiki da shi." Na ture Tabawa na juya kaset. Tsohuwa ta tsaya tana ji. Ta sunkuya ta ɗebi alkama a tabarma ta murza, ta busa, ba ɗigon dusa.

"Waɗannan 'yan garinku ne?"

Kafin in buɗe baki Asabe ta ce, "Dangin uwata ne."

Sitti ta dube ta, ta san labarin yaron. Ta ce, "Ba kiɗa a ciki, mata ne ke aiki. Ku rage murya kar ɗana Abdullahi ya ji. Wancan na shaiɗan kuma kar in ƙara jin sa." Da yamma ta aiko mana da ƙanƙara rabin bulo. Ranar na san ruwan sanyi ni'ima ne, har cikin haƙori na ji shi.

Goman tsakiya zafi ya kai inda ya kai. Mutum biyu suka faɗi a layin ruwa. Leɓunanmu suka tsattsage, yawu ya ƙafe, in kika yi magana harshe yana mannewa a dasashi. Ran sha tara ga wata muka sauka yin azahar a inuwar matakala, na cire kaset na ajiye a kan katanga, na manta. Ni na yi, ba kowa ba. Da muka hawo la'asar ya lanƙwashe kamar ganyen da aka gasa. Na tura shi a rikoda da ƙarfi, ya yi wani gurnani kamar saniya, zaren ya zubo waje ya naɗe.

Ga alkama buhu guda an riga an jiƙa, in ta kwana ta yi tsami. Tabawa ta dubi kaset, ta dubi Asabe, ta dube ni, ta jingine taɓaryarta a bango. Ina jin ƙarar motoci can ƙasa.

Asabe ta ɗebi alkama ta zuba a turmi. Ta ɗaga taɓarya ta sauke, ta sake, ta sake, a hankali, irin farawar tsohuwar. Sai ta buɗe baki. Karin na kaset ne, amma maganar tata ce:

"Alkama kwanta, ni ma na kwantar,
Na kwantar da Sani a bayan dutse,
Bai ga azumi ba, bai ga Salla ba,
Alkama kwanta."

Muryar a shaƙe, leɓenta na ƙasa ya fashe, jini yana bin haɓarta. Ta kai ƙarshen baiti ta dube mu. Tabawa ta ɗauki taɓarya, muka ba ta amshin nan na matan kaset. Ranar ta yi kukan da ba ta yi ba tun Rajab, tana yi tana daka, ba ta ɓata bugu ɗaya ba. Muka gama buhun kafin igwa. Daga ranar Asabe ce mai ba mu waƙa, shekara tara, har inji ya cinye sana'ar gaba ɗaya. Ta sake aure, ta haifi uku. Duk wanda ya tambaye ta inda ta samo karin nan sai ta ce gadon uwarta ne.

Yanzu dutsen namu ma babu shi, an fasa an yi otal. Malam ya rasu, Tabawa ta rasu. Ina unguwar Zahir, nan Makka, wajen 'yata Maryam, famfo a ɗaki, alkama a leda an surfe an wanke. Shekara uku da suka wuce na shiga ajin wata malama 'yar Damagaram da ke koya wa tsofaffi boko. A Sha'aban ɗin nan ina kwashe tarkacen akwati na ci karo da lanƙwasasshen kaset ɗin, ban taɓa yar da shi ba. Na dube shi, sai na ga rubutun biron nan ya zama haruffa. Na haɗa su ɗaya ɗaya, ba su ba ni Hausa ba. Na ɗauko waya na danna su yadda suke a wajen nema.

Sai ga hoto mai motsi, baƙi da fari. Tsofaffin mata wajen goma sun kewaye dogon tebur. Turawa. Farare fat, da rigunan sanyi da tabarau. Ba turmi, ba dawa, ba gero. Wani dogon bargon ulu ne jiƙaƙƙe suke kamawa su buga a katako su miƙa wa ta kusa. Dum, dum, dum, dum. Ta ƙarshen tebur ta ja baiti, sauran suka amsa. Amshinmu.

Na ƙwala wa Maryam kira. Ta leƙa ta ce, "Ummi, hadol Ingliz." Wai Turawan Ingila ne. Ita Hausarta sai an matsa mata. Ta karanta abin da ke ƙasa ta ce a'a, wasu tsibirai ne a arewacin Sikotland, harshensu ma daban da Turanci, talakawa ne masu kiwon tumaki da kamun kifi, bugun nan don saƙar ta yi kauri ta tare ruwan sama. Na ce ashe Bature ma yana aikin wahala har ya yi masa waƙa. Ta ce, "Ummi, ke kin zaci a ofis aka haife su duka?"

Tun ranar nake bin su, kuma ga abin da zan gaya wa mai son ji. Ku fara da matan tebur ɗin nan, amma tsofaffin ɗauka, masu hoto dishi dishi, inda za ki ji wata ta yi tari, wata ta yi dariya a tsakiyar baiti. Akwai na zamani da ake sa 'yan mata su yi kwalliya su tsaya a bakin teku iska tana kaɗa musu gashi. Murya kam akwai, amma hannun da bai taɓa aiki ba ana jin sa a waƙa. Ku wuce su.

Maƙwabtansu na Ailan suna da wata irin waƙa da ta fi kama ni. Tsoho ɗaya zai zauna a kicin, ya rufe ido, ya yi ta jan waƙa shi kaɗai ba kiɗa, yana lanƙwasa murya kamar mai kiran shanu daga nesa. Wani na kusa da shi ya riƙe masa hannu yana juyawa a hankali har ya gama. Ban san me yake faɗa ba. Na dai san an yi masa rashi, ko an tafi an bar shi. Wanda malaminsa ya hana shi goge, to ga wannan, murya ce zalla, da azumi ma ita nake ji.

Bayan Salla kuma ku nemi gogensu. Ba na babban dandali mai fitilu ba, wanda mutum ɗari ke buga ƙafa a jere kamar sojoji. Na ɗaki, mutum huɗu ko biyar a kan kujeru, mai goge, mai sarewar ƙarfe, mai ganga kamar mandiri, ba wanda ke kallon kyamara. Suna da algaita iri biyu. Babbar ta fareti ku bar wa mai ciwon kunne. Akwai ƙarama da ake zaune ana matsa mata iska da gwiwar hannu kamar zugazugin maƙeri. Wannan in ta yi kuka sai kin ajiye abin da ke hannunki. Jikokinsu kuma sun ɗauki karin sun haɗa da gita mai lantarki, wasu hayaniya ce kawai, amma na samu wasu yara a wani garejin mota, mai waƙarsu muryarta a dushe kamar ta Asabe, tana jan tsohon baiti gita tana gurnani a ƙasa. Na ji su ya fi sau ashirin. Na ga ma inda masu gogen nan suka zauna da Buzaye masu gita da mai kiɗan ƙwarya, ba mai jin harshen wani, suka yi ta yi har mai ƙwarya ya gaji. Ba za ku ji ko ɗaya a rediyo ba. Ni dabarata, in na ga masu kallo sun yi yawa sai in wuce, in nemi wanda 'yan kallonsa ba su fi cikin bas biyu ba. A nan abin yake.

Duk wannan ina yi ban gaya wa Asabe ba. Tana nan Zahir, layi huɗu tsakaninmu, wajen babban ɗanta. Ciwon suga ya cinye mata ƙafa ɗaya, ba ta fita. Ni ba a san ni da ɓoye magana ba, amma wannan ta tsaya mini a wuya sati biyar. Mace ba ta da hoton uwarta, ba ta da zanenta, ba ta san kabarinta ba, abin da ta riƙe kenan shekara talatin da uku, da shi ta tashi. In je in ce mata Turawa ne masu wankin bargo?

Shekaranjiya bayan la'asar na ɗauki waya na tafi. Na same ta a kan katifa tana jan carbi, fanka tana juya zafi.

"Yaya Dije, da ranar nan? Ko mutuwa aka yi?"

"Ba a yi ba. Zo ki ji wani abu. Amma ki rufe ido tukuna."

"Tsufa ya fara taɓa ki."

Ta rufe. Na danna. Bugu na farko carbin ya faɗi daga hannunta. Da tsohuwar ta ja baiti Asabe ta riga matan amsawa. Hawaye yana bin kuncinta, tafin hannu yana dukan katifa. Na bari waƙar ta kai tsakiya, na ce, "Asabe, ni ba zan cuce ki ba. Buɗe ido ki gan su."

Ta karɓi wayar ta kai ta dab da hancinta. Ta daɗe tana kallo. Na ce, "Turawa ne. Wani tsibiri can ƙarshen duniya, ruwa da sanyi. Ba surfe ba ne ma, ulu suke bugu. Ni da Tabawa duk ba mu canka ba."

Ta sa yatsa a kan wata mai ɗankwali a gefen tebur.

"Dubi goshin wannan. Dubi dogon hancin."

"Asabe."

"Me suke kiwo?"

"Tumaki. Da shanu, in ji Maryam."

"A kan dutse?"

"A kan dutse."

Ta miƙo mini wayar, ta goge fuska da bakin mayafi.

"To me kika zo gaya mini? Na ce miki dangin uwata ne. Tafiya ce ta yi musu nisa, kamar mu. Mayar da ita farko, kin sa na rasa baiti biyu."